Jiniya ko na'urar bin sawu: wacce za ka sa wa motarka?

Ɗan uwa mai karatu, in kana da mota ko moto, wannan magana taka ce. In ba ka da ko ɗaya, kada ka wuce. Watakila ɗanka yana kabu-kabu, ko kuma da motar wani kake kai albasa kasuwa. Ranar da aka sace ta, tukunyar gida da yawa ce za ta huce.

Yanzu masu gyaran wuta na mota suna tallar abu biyu. Na farko jiniya ce, mai ihu in an taɓa mota. Na biyu na'urar bin sawu ce, wadda ake kira jipiyes. Mutane suna tambaya: wacce ta fi? Ni a ganina, in kuɗinka na abu ɗaya ne, a wannan yanki namu na'urar bin sawu ta fi. Amma ka sani tun yanzu, ko ɗaya cikinsu ba ta hana ɓarawo ɗauka. Ɗaya tana kiran mutane, ɗaya tana faɗin wuri. Iyakar aikinsu ke nan.

Ka dubi inda muke zaune. Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 ta ratsa Malbaza. Gabas ta nufi Galmi da Madawa da Maraɗi. Yamma ta nufi Tsarnawa, inda hanyar Tawa ta rabu, sannan Birnin Konni. Daga Malbaza zuwa Konni bai kai tafiyar awa guda ba. Daga Konni kuwa, kafin ka gama shan shayi ka isa iyaka, ga Illela ta Najeriya, ga hanyar Sakkwato. Ban da wannan, akwai hanyoyin daji da mai moto ya san su kamar tafin hannunsa. Wannan hanya ita ce arzikinmu. Ita ke kai siminti da albasa. Amma ita ce kuma ke sa abin da aka sata da asuba ya yi nisa kafin hantsi.

To, mu fara da jiniya. Amfaninta yana wuri ɗaya: da dare, a ƙofar gida, inda maƙwabta suka san kukan motarka. Nan kam ƙaramin ɓarawo yana jin ta zai ruga. Amma jiniya ba ta san bambancin ɓarawo da akuya ba. Yaro ya jingina, ta yi ihu. Babbar motar siminti ta wuce, ƙasa ta girgiza, ta yi ihu. Ran farko kowa zai fito da sanda. Ran na goma ba mai ɗaga kai daga tabarma, sai dai a ce: "Motar wane ce kuma, Allah ya shirye ta." A cikin kasuwa ma haka ne, hayaniya ta haɗiye kukan. Ɓarawon da ya san aikinsa kuwa, waya guda zai cire ta yi shiru. In kuma a hanya aka tare ka da makami, jiniya ba ta da abin cewa.

Na'urar bin sawu fa? Ƴar ƙaramar aba ce, wata ba ta fi akwatin ashana ba. Ana ɓoye ta cikin jikin mota, a haɗa ta da batir. Tana da kunne da baki.

Kunnenta yana sauraron taurarin ɗan adam na jipiyes. Na ƙasar Amurka ne, sun fi 24, suna kewaya duniya a nisan kilomita wajen 20.000 sama da mu. Da saƙonsu na'urar ke gane inda take. Wannan ba a biyan ko dala.

Bakinta kuwa sim ne, irin na wayarka, na Airtel ko Moov ko Zamani ko Niger Telecoms. Da shi take aiko maka saƙo ta ce ga ni wuri kaza. Nan ne mutane da yawa ke faɗuwa. Sim yana son kuɗi. In ya daɗe ba a sa masa komai ba, kamfani yana iya rufe shi. Sai mutum ya yi shekara yana barci da daɗi, wai yana da jipiyes, alhali bebiya yake ɗauke da ita. Kuma inda babu rezo, na'urar ta san inda take, amma ba ta da hanyar faɗa maka, sai ta fito inda akwai.

Ga wata tambaya da ta shafe mu mu mutanen bakin iyaka. Kafin ka biya, ka ce wa mai sayarwa: "Malam, in motata ta ƙetare zuwa Najeriya, wannan sim zai ci gaba da magana?" Wani sim yana yi, wani ba ya yi sai an buɗe masa. In ya ce yana yi, ka ce a gwada. Kana da masu zuwa Illela kullum, gwajin ba shi da wuya.

Sai maganar lambar sirri. Da yawa daga na'urori masu araha suna fitowa daga kamfani da lamba iri ɗaya, 123456. Ɓarayi ma sun san ta. Ranar da aka sa maka, ka sauya ta da hannunka, a gaban idonka. Kuma ka zaɓi mai sa maka kamar yadda kake zaɓen wanda za ka ba ajiya, don shi kaɗai ya san inda ya ɓoye ta. Kada a yi aikin a bakin titi, ƴan kallo sun kewaye.

Wasu na'urorin suna iya kashe inji daga nesa, in ka aika saƙo. Abin yana da daɗin ji. Amma motar da ke gudu bisa kwalta, in aka kashe ta ba zato, tana iya hallaka wanda bai ji ba bai gani ba. A bari sai ta tsaya. Mai moto kuma ya lura: na'urar tana tsotsar batir kaɗan kaɗan. In moto ya yi kwanaki a ajiye, kana iya tarar da batirin ya mutu.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. A ce an sace, wayarka ta nuna maka ƙauyen da motar take. Zuciya za ta ce ka tara samari ku bi sawu. Kada ka yi. Kowa a nan ya san akwai masu ɗauke da bindiga a dazuzzukan bakin iyaka, kuma na'ura ba ta faɗa maka mutum nawa ne ke tsaye kusa da motar. Ka tafi wurin jandarmomi nan take, ka nuna musu wayar. In motar ta ƙetare iyaka, hukuma ce ke iya magana da hukumar can. Direbanka ma ka gaya masa tun yau: in an tare shi da makami, ya miƙa makulli, kada ya yi gardama. Ana sake sayen mota.

Jandarma zai tambaye ka takardu. Nan ne za ka ga cewa akwai abin da ya riga na'ura. Kowace mota tana da lambar shasi, an buga ta a jikin ƙarfe. A motocin zamani haruffa da lambobi ne guda 17. Ɓarawo yana sauya lambar gaba da ta baya cikin minti biyar, yana sauya fenti cikin kwana guda, amma lambar shasi tana ba shi wahala. Moto ma yana da tasa, da lambar inji. Tun da yanzu hannunka ya iya alƙalami, ɗauki littafinka ka je ka kwafe su, harafi bayan harafi, ka gwada da abin da ke rubuce a kartigiris. In sun saɓa, ka bincika tun kafin wata rana ta zo. Ka yi hoton takardun ka ajiye a gida. Kada ka bar su duka cikin mota, ɓarawo ya tafi da doki da linzami.

Wani zai ce: "Ai ina da asirans." To, ka karanta takardar, ko ka sa a karanta maka. Asirans na dole, wanda ake tambaya a hanya, yana biyan ɓarnar da motarka ta yi wa wani ne. Ba ya biyan sata. Na sata daban ake sayensa, kuma ya fi tsada.

Kada kuma ka rena tsohon ƙarfe. Sarƙa mai kauri da kwaɗo a ƙafar moto, ko ƙarfen da ke kulle sitiyari, suna cin lokacin ɓarawo, shi kuwa lokaci ne ba ya da shi. Mai gyaran wuta yana iya sa maka ɓoyayyen makunni, wanda in ba a taɓa shi ba inji ba ya tashi. Kuɗinsa kaɗan ne, ba ya son sim, ba ya son rezo. In ka yi waɗannan, kuɗi suka ragu, sai ka sayi na'urar bin sawu. Jiniya ta zo daga baya, in motarka a ƙofar gida take kwana.

In ka sa na'urar, ka ware mata rana ɗaya kowane mako, a ce Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ka aika mata saƙo, ka jira amsa, ka karanta da kanka. In ta amsa, to. In ta yi shiru, ka duba kuɗin sim, ka duba wayar batir, ka koma wurin wanda ya sa maka ita a ranar.