Kimiyya a Gareji: Taya Huɗu Na Ja, Me Ya Kafar da Motar?

Wani ɗalibin aji biyar ya aiko mana da tambaya daga wajen Gusau. Ya ce a daminar bana Hilux ɗin yayansa ta kafe a fadama, ɗauke da buhunan taki da wata mai juna biyu da za a kai asibiti. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne motar mai jan taya huɗu ce, amma ya ga taya biyu na ta wulwulawa suna watsa taɓo, biyun da ke kan busasshiyar ƙasa kuwa ko motsi. Yanzu bakanike ya ba su shawara su sa wa difarenshal makulli mai kulle kansa. Shin su sa?

Bari mu fara daga filin fareti. Idan layinku zai sha kwana, na gefen waje yana buɗe ƙafa, na gefen ciki yana taka kaɗan-kaɗan. Haka tayoyin mota suke. A ce tazarar da ke tsakanin tayar hagu da ta dama mita 1.5 ce. Idan motar ta zaga da'ira guda, tayar waje za ta fi ta ciki tafiya da 2 × 3.14 × 1.5, wato kusan mita 9.4, ko da'irar babba ce ko ƙarama. Ku gwada lissafin ku gani. Amalanke ba ta da wannan damuwa, domin shanu ke janta, kowace taya na juyawa yadda ta ga dama. Ita mota tayoyinta ne ke tura ta, don haka dole a sami abin da zai ba su ƙarfin inji, ya kuma bar ɗaya ta fi ɗaya gudu.

Wannan shi ne aikin difarenshal, ƙullutun ƙarfen nan mai kamar tulu da ke tsakiyar aksil. A cikinsa akwai ƙananan giyoyi da ke raba ƙarfin murɗawa daidai wa daida tsakanin hagu da dama. To, a nan gizo ke saƙar. Tayar da ke cikin taɓo ƙarfi kaɗan take buƙata ta juya, kuma tunda rabon daidai ne, wannan ɗan kaɗan ɗin shi ne abin da 'yar'uwarta ta kan tudu za ta samu. Sa giyar taya huɗu yana haɗa gaba da baya ne kawai. Idan taya ɗaya a gaba da ɗaya a baya suka rasa abin kamawa, mota ta zauna ke nan.

Makulli yana hana wannan. Akwai wanda direba ke kunnawa da kansa, irin Air Locker na kamfanin ARB na Ostareliya, mai aiki da matsin iska. Wasu Land Cruiser, irin waɗanda a Nijar ake ce wa kat-kat, suna fitowa da nasu tun daga masana'anta. Akwai kuma mai kulle kansa, irin Detroit Locker na Amurka, da ƙananan da suka fi araha irin Lock-Right da Aussie Locker. Su waɗannan ƙa'idarsu ɗaya ce: taya tana iya fin injin sauri, amma ba ta da ikon yin ƙasa da shi. A miƙaƙƙiyar hanya haƙoran makullin suna cije da juna, tayoyin biyu suna juyawa tare. A kwana tayar waje ta zame daga haƙoran ta yi gaba, kana jin ƙas-ƙas-ƙas, ta ciki ta ci gaba da turawa.

Na taɓa tsayawa a gareji ina kallon yadda ake sa ƙaramin, kuma abin da ya burge ni shi ne yawancin lokacin a awo ya tafi. An ɗaga bayan motar an ɗora kan ƙafafun ƙarfe, domin ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. An tsiyaye man giya, an kwance farfela, an zaro shaf na hagu da na dama, sannan aka sauko da kan difarenshal ɗin gaba ɗaya aka ɗora a benci. Kafin maigidan ya kwance murafun boris, sai da ya yi wa kowanne alama, don wanda ya fito daga hagu hagu zai koma. Daga nan aka zare sandar tsakiya, aka kwashe ƙananan giyoyin, aka jera faya-fayan makullin masu haƙora a gurbinsu, da 'yan sandunansu da 'yan sifirin ɗinsu da ba su kai tsawon gaɓar yatsa ba. Ɗaya ya yi tsalle ya faɗa ƙasa, yaran gareji uku suka shafe minti goma suna lalube.

Sai awon tazarar da ke tsakanin faya-fayan, da siraran ƙarafan awo, a gwada da abin da takardar kamfani ta ce. In ta yi faɗi, haƙoran su riƙa kuɓucewa. In ta matse, su ƙi saki a kwana. Bayan an mayar da komai, tun tayoyi na sama aka sa giya, yaro ɗaya ya murɗa tayarsa gaba ya riƙe, ɗayan ya juya tasa baya. Ta saki tana ƙas-ƙas. Aka sauya hannu, aka sake, sannan aka zuba mai.

Amma fa motar ta canza hali. A kan kwalta, in direba ya taka totur a tsakiyar kwana, makullin zai ƙi saki, taya ta yi ƙara, ta riƙa cinyewa da wuri. A gangaren da ke da santsi, tayoyin baya biyu suna iya sulɓewa lokaci guda, bayan mota ya yi gefe. Idan taya ɗaya kaɗai ta kama ƙasa, duk ƙarfin a shaf ɗinta zai sauka, kuma mai lodin da ya wuce kima yana iya karya shi. Dole kuma tayoyin biyu su zama girma ɗaya, iska ɗaya. A aksil ɗin gaba yana taurara sitiyari, kuma motar da kullum take jan taya huɗu ba a sa mata shi a gaba.

Amsata ga ɗalibinmu ita ce: tunda motar yayanka rabin rayuwarta a fadama da hanyar gona take yi, a sa a baya, a bar gaba yadda take. Da a ce tsakanin Gusau da Funtuwa take jigila a kan kwalta, da na ce a sayi sababbin tayoyi da kuɗin. Ka kuma ce wa yaya, ranar da aka sa, ya nemi fili babu kowa ya yi ta zagaye a hankali, hagu da dama, har hannunsa ya saba kafin ya ɗauki fasinja.

Wanda ya yi lissafin da'irar nan da tazarar mita 1.2, ya aiko mana da amsarsa kafin fitowa ta gaba.