"Ban yi niyya ba" ba ta wanke mai kisa a gaban alƙali

Ranar Laraba 15 ga Mayun 2024, ana tsaka da sallar Asuba a ƙauyen Larabar Abasawa da ke ƙaramar hukumar Gezawa, wani ɗan garin ya watsa fetur a masallaci, ya kulle ƙofa, ya cinna wuta. Fiye da mutum 20 ne suka rasu. Ya shaida wa 'yan sanda cewa rikicin rabon gado ne ya tunzura shi. A Mayun 2025 wata babbar kotun shari'ar Musulunci a Kano ta yanke masa hukuncin rataya.

Wannan shari'a a fili take. Wadda ke rikita mutane ita ce ta kowace damina a ƙasar Gezawa, Minjibir, Bichi da Dambatta, inda gona ke manne da gona, rabon gado kuma ya mayar da ita 'yan kunyoyi. A yi musu kan iyaka, a ɗaga fartanya, mutum ya faɗi. Sai ka ji dangi na cewa tsautsayi ne, ai bai yi niyya ba.

Kotu ba ta auna niyya da bakin wanda ake tuhuma. A sashe na 221 na kundin Final Kod, wanda ke aiki a Arewa tun 1960, mai gabatar da ƙara zai tabbatar cewa mutum ya mutu, cewa aikin wanda ake tuhuma ne ya kashe shi, sannan cewa ya yi nufin kisa, ko kuma ya san, ko yana da dalilin sanin, cewa mutuwa ce mafi rinjayen abin da zai biyo baya. Wannan gaɓa ta ƙarshe ce ke kai mutane ga igiya. Alƙali zai duba makamin, da inda aka sara, da ƙarfin saran. Wanda ya kafta wa maƙwabcinsa gatari a ka ya san abin da gatari ke yi wa kai.

Akwai sassauci a sashe na 222: tsokana mai tsanani ta farat ɗaya, faɗan da ya ɓarke ba shiri, ko wuce gona da iri wajen kare kai. Waɗannan na iya sauko da hukunci daga kisa zuwa ɗauri, wanda kan iya kai wa na rai da rai. Amma sharaɗin tsokana shi ne zuciya ba ta samu lokacin hucewa ba. Haushin gado na shekaru ba ya shiga nan, haka wanda ya koma gida ya ɗauko adda, balle wanda ya nemo fetur.

Irin wannan rikici kan daɗe yana ruruwa a idon mai unguwa da dagaci da liman. Ya kamata masarautu da kotunan shari'a na yankin su riƙa kammala rabon gonakin gado da rubuta iyakoki tun da rani, kafin ruwan shuka ya sauka.