Ba Sabon Ubangida Muke Nema Ba

'Yan uwa matasa, masana hulɗar ƙasashe sun jima suna faɗa cewa zamanin da Amurka ke juya duniya ita kaɗai ya fara wucewa. Ba sai mun je nesa ba. A Nijar, bayan juyin mulkin Yulin 2023, sojojin Faransa sun tattara nasu-ya-nasu, na Amurka suka bar sansanin Agadas a 2024, Rasha ta samu ƙofa. Najeriya ma ta zama abokiyar hulɗar BRICS, ƙungiyar su Sin da Rasha da Indiya, a Janairun 2025.

To, mu a Fammar ina ruwanmu? Da ruwanmu mana! Da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a 2022, manomin Rano da Kibiya ya ji a jikinsa wurin sayen taki. Da ECOWAS ta sa aka rufe iyakar Nijar, 'yan kasuwar Dawanau da Jibiya ne suka kwana ciki.

Shi ya sa ɗaga tutar Rasha da wasu suka yi a Kano lokacin zanga-zangar Agustan 2024 kuskure ne. Yunwar gaskiya ce, amma Mosko ba za ta rage mana kuɗin buhun masara ba. Kowace ƙasa cikinta take yi wa aiki.

Mu matsa wa wakilanmu lamba: a kammala layin dogon Kano zuwa Maraɗi, a gyara zumunci da Nijar. Duk wanda ya zo, Sin ko Amurka, a tambaye shi: me ka kawo wa manomi?

Allah Ya sa mu gane.