Ruwan Kademi Daga Teku Yake Tasowa

'Yan'uwa malamai, duk lokacin da muka iso darasin teku a aji, mukan bi ta kansa da gaggawa, muna cewa ai yaranmu ba su taɓa ganin teku ba, mu kanmu ƙalilan ne cikinmu suka taɓa taka Legas. Wannan uzuri bai kamata mu ci gaba da karɓarsa ba. Hadarin da manomin Gaya yake ɗaga kai yana jira a watan Yuni, daga Tekun Atilantika iskar kudu take ɗauko danshinsa, ta ratsa dazuzzuka da ƙasashe kafin ta sauke shi a kan geronmu.

Dattawanmu ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba. An daɗe ana ɗora wa talaka laifin wannan fari, ana cewa sare itatuwa da yawan kiwo ne suka kori ruwa. Sai a 1986 masana yanayi na ƙasar Ingila, cikinsu har da Chris Folland, suka nuna cewa ƙarancin ruwan yankin Sahel yana tafiya tare da sauyin ɗumin saman teku. A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka ƙara tabbatar da haka. Bayanin a taƙaice shi ne: idan tekunan kudu suka fi arewacin Atilantika ɗumi, damina takan kasa haurowa arewa yadda ta saba. Sare itace ɓarna ce, ba mu musa ba, amma awon ruwan teku ne ya sauke wa manomi da makiyayi babban kaso na laifin da aka jibga musu. Da irin wannan awo ne hukumar NiMet take haɗawa wajen fitar da hasashen damina na kowace shekara.

Abin mamaki, kogin da yake maƙwabtaka da mu ba ya mayar wa teku ruwansa. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa su zama Kogin Haɗejiya, ya wuce ta Wudil, ya bi ta gefen ƙasar Ajingi, ya bazu a fadamun Haɗejiya da Nguru, abin da ya rage ya bi Kogin Yobe zuwa Tafkin Chadi. A nan ne darasin ya fi kusa da mu, kuma a nan ne za mu ɗan dakata.

An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka kammala ta Challawa a 1992. Babu mai adalci da zai raina amfaninsu: birnin Kano na shan ruwa, manoman Kura da Kadawa na noman rani, tumatir da shinkafa na cika kasuwa. Sai dai an yi ginin kafin a auna sosai abin da mutanen ƙasa da madatsa za su rasa. A farkon shekarun 1990 Edward Barbier da wasu masu bincike suka zauna suka yi lissafin abin da fadamar Haɗejiya da Nguru take samarwa na noma da kamun kifi da itacen wuta. Suka gano cewa, idan aka kwatanta da yawan ruwan da kowane ɓangare yake ci, fadamar ta fi aikin ban-ruwa na Kogin Kano riba nesa ba kusa ba. Masana suka ba da shawarar a riƙa sakin ruwa daga madatsun a lokacin damina da ma'auni, yadda zai yi kama da cikar kogi ta asali.

Abin da ya fi yawa a aikace shi ne ruwa yana gudana rani da damina ba yankewa. Magudanun da a da suke bushewa da rani suka daina bushewa, ciyawar kachala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi. Wani gari ruwa ya mamaye gonakinsa, wani kuma ya nemi ruwan ya rasa. Ilimin yana nan a rubuce tun fiye da shekara talatin. Isar da shi teburin masu yanke hukunci, da kuma bakin kogi inda mai gona yake, shi ne ya yi nawa.

Ba mu kaɗai wannan ya taɓa samu ba. A ƙasar Kanada, an ci gaba da kamun wani kifin teku a gaɓar Niyufanlan duk da alamun raguwarsa, har aka wayi gari a 1992 gwamnati ta hana kamunsa gaba ɗaya, dubban mutane suka rasa sana'a a rana guda. A gida kuwa, Nijeriya tana da cibiyar binciken teku a Legas tun 1975, a 2023 kuma aka kafa ma'aikatar harkokin teku da arzikinsa. Ma'aikata abu ne mai kyau, muddin mai awo yana da kujera a ɗakin da ake yanke shawara.

To, mene ne namu a ciki? Mu ne muke ganin azuzuwa sun koma masauki idan ruwa ya ci gidaje a ƙauyukan bakin kogi, mu ne muke kiran suna a rajista mu ji shiru saboda hanya ta yanke. Hukumar NIHSA tana fitar da hasashen ambaliya kowace shekara, amma iyaye nawa ne cikin waɗanda muke koyar da 'ya'yansu suka taɓa jin abin da ya ƙunsa da harshen da suke fahimta? Muna ganin ya dace reshenmu ya rubuta wa ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi yana neman a riƙa aiko wa shugabannin makarantu wannan hasashe, da duk sanarwar sakin ruwa daga madatsa, kafin lokaci. Saƙon da aka karanta a taron safe yakan isa gidaje ɗari kafin azahar.

Abu na biyu ba ya buƙatar izinin kowa. Gwangwani mai miƙaƙƙen jiki da rula sun isa ma'aunin ruwan sama. A kafa shi a fili, nesa da inuwar bishiya da indararo, yaro ya auna zurfin ruwan da milimita kowace safiya, ya rubuta a littafi guda da ba a yaga shi. Bayan shekara biyar, kowace makaranta tana da tarihin daminar garinta, yaro kuma ya koyi cewa magana a kan ruwa da alƙaluma ake yin ta.

Matsala guda ita ce ruwa ya fi sauka a watan Agusta, lokacin marka, alhali muna dogon hutu. Wajibi ne a taronmu mai zuwa mu tsayar da wanda zai riƙe littafin a kowace makaranta cikin waɗannan makonni, ko malamin da yake zaune a garin, ko maigadi tare da ɗalibin aji shida da gidansu yake kusa.