Bab al-Hadid: Gurgun Tashar Alƙahira

A wannan wata zan ajiye zancen makaranta in ɗauko na majigi. Makon jiya na sake kallon Bab al-Hadid, fim ɗin Masar na 1958 wanda marigayi Yusuf Shahin ya shirya, kuma har yau yana ci mini rai.

Irin waɗannan finafinai su ne Faransawa suka raɗa wa suna nuwar, wato baƙi. Hoto ne baƙi da fari, inuwa ta rinjayi haske, mutanen ciki kuwa kowa da tabonsa. Amurka ce cibiyarsu a shekarun 1940, amma wannan kam na maƙwabta ne, Larabcinsa duk muna ji.

Labarin a tashar jirgin ƙasa ta Alƙahira yake. Ƙinawi gurgu ne, baƙauye, wanda dattijo Madbuli mai rumfar jarida ya tsinta ya ba shi talla. Shahin da kansa ya fito a Ƙinawi. Sai ya kamu da son Hanuma, wato Hind Rustum, mai tallar lemon kwalba da ke wasan ɓuya da 'yan sanda. Ita ko zuciyarta na wurin Abu Siri, wato Farid Shauƙi, ɗan dakon da ke fafutukar haɗa kan 'yan'uwansa su kafa ƙungiya. Ƙinawi ya nemi aurenta, ta sheƙe da dariya. Daga nan ya sayi wuƙa. Cikin duhu ya soki ƙawarta yana zaton ita ce, ya cusa ta a akwati.

Mu nan Sabha jirgin ƙasa bai taɓa tsaya mana ba, amma duk wanda ya san tashar mota ya san waɗannan mutane. Ga mai dako, ga mai talla, ga baƙon da kowa ke kira da lahaninsa, ba mai tambayar sunan ubansa. Nan daɗin fim ɗin yake. Idanun Ƙinawi kaɗai sun isa; kana tsoronsa kana jin tausayinsa.

To, amma fa ina da ƙorafi. Don me mugun nufi sai a ƙafar gurgu za a ɗaura shi? Na koyar da yara masu jan ƙafa, na san sunayen da ake jifansu da su a filin wasa, fim irin wannan kuwa ba ya rage musu kaya. Sa'an nan Shahin yana zargin Ƙinawi da leƙen Hanuma, alhali kyamararsa ba ta fi shi kunya ba. Ba na kallo tare da iyali ba ne, na faɗa muku. Zancen ƙungiyar 'yan dako ma, wanda ya isa fim guda, an matse shi a lungu.

Mutanen Masar sun yi tir da shi da ya fito, ko da yake an nuna shi a gasar Balin ta wannan shekarar. Sai bayan shekaru suka dawo suna yabo.

Ƙarshensa ne ya fi tsaya mini. Ƙinawi na riƙe da Hanuma a kan titin jirgi, wuƙa a hannu. Madbuli ya lallashe shi, ya ce yau ne aurensa, ya zo ya sa rigar ango. Ya miƙa hannu yana murmushi, ashe rigar ɗaure mahaukata ce.