Shayin rage tumbi: mu daina sayen gudawa da kuɗinmu

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu, musamman mu na Ibadan. Rubutun yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku kai ƙarshe, don na san akwai waɗanda ba zai yi wa daɗi ba.

Samistan nan ba a kwana biyu ba a turo tallar shayin rage tumbi a guruf-guruf ɗinmu na WhatsApp ba. Wani bel ne na ɗaure ciki, wani man shafawa, wani ƙwaya wai tana narkar da kitse cikin kwana bakwai. Gefe guda kuma ga ƙannenmu 'yan aji ɗaya da biyu, kowa ya ɗora wa kansa sai ya fito da sikis-fak kafin hutu, ana ta kwanta-ka-taso sau ɗari biyu a ƙasan ɗaki, an gama a sauka wajen mai shayi a sa Indomie biyu da ƙwai uku da burodi. Haba jama'a! Mu ne fa ake cewa masu ilimi.

Mu fara da shayin. Yawancin irin waɗannan shayin, abin da ke aiki a cikinsu ganyen filasko ne ko danginsa, wanda kakanninmu suka sani tun tale-tale a matsayin maganin wankin ciki. Ka sha, cikinka ya murɗa, ka kwana kana zarya banɗaki, da safe ka hau sikeli ka ga kilo ɗaya ya tafi. Abin da ya tafi ruwa ne da bayan gida. Kitsen yana nan inda ka bar shi, kuma kana shan ruwa ka ci abinci kilon zai dawo. Idan ka mayar da shi na kullum, jiki yana zubar da gishirin da zuciya da tsoka suke aiki da shi, ƙoda kuma ta sha wahalar ƙarancin ruwa. Ƙwayoyin sun fi haɗari, don akwai wani sinadari, sibutramine, da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, amma bayan nan an sha kama shi a ɓoye cikin magungunan rage ƙiba da ake tallatawa da sunan na gargajiya. Wanda ya turo maka tallar bai san me ke cikin robar ba, shi dai kamashonsa yake jira.

Bel ɗin ɗaure ciki kuwa, gumi kawai yake sa ka. Gumi ruwa ne. Da gumi yana narkar da kitse, da babu mai tumbi ko ɗaya a Sakkwato da Maiduguri a watan Afrilu.

Sai 'yan kwanta-ka-taso. Ɗan uwa, kowa yana da tsokar nan a cikinsa, har mai tumbin da ya fi kowa a dipatmen ɗinku. Kitse ne ya rufe ta. Kuma jiki ba ya ɗebe kitse daga wurin da kake motsawa, yana ɗeba ne daga ko'ina bisa tsarin halittarka, kuma a wajen maza da yawa na ciki ne ke tafiya a ƙarshe. Atisayen ciki sau ɗari bai ƙona ko rabin abin da ke cikin kwalbar lemo ɗaya ba. Yana ƙarfafa tsokar, wannan gaskiya ne, amma tana nan a ƙarƙashin bargonta.

Lissafin ba shi da wuya. Kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kalori kusan 7,700. Idan abin da kake ci a rana ya gaza abin da jikinka ke ƙonawa da kalori 500, za ka rage wajen rabin kilo a mako. Mai neman sauke kilo takwas, maganar wata huɗu yake yi, wato samista guda cur. Duk wanda ya ce maka kwana bakwai, ko dai bai sani ba, ko ya sani yana son kuɗinka.

To ina kalori 500 ɗin za su fito? Daga abin da muka raina. Lemon kwalba na santilita 50 yana da sukari wajen giram 50, kusan ƙaramin cokali 12, kalori wajen 200. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da babban mutum zai sha a yini kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na kalorinsa, wato kusan giram 50 ɗin nan, kuma in ya tsaya a rabin haka ya fi. Kwalba ɗaya ta cinye maka kason yini. Saura shayi mai kauri na dare da madara da sukari cokali uku, saura zoɓo da kunun aya da muke ganin tunda na gida ne ba komai, alhali an zabga musu sukari. Mai kuma, babban cokali ɗaya kalori 120 ne, manja ne ko man gyaɗa. Ku tuna yadda miya ke iyo a buka.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya game da rayuwarmu a nan. Yawancinmu ba ma karyawa, lakca tun takwas. Da rana a sha lemo da fanke ko biskit a tsaye. Sai dare ya yi a rama gayya: malmalar teba uku ko amala, ko a gangara Sabo a ci shinkafa da wake an tsiyaya mai, a biyo da tsire. Sannan a zauna gaban kwamfuta har biyun dare ana fama da gyaran da sufabaiza ya bayar, ana tauna wani abin. Daga Agbowo zuwa cikin makaranta ma sai an hau abin hawa. Teba ce ke zama teɓa, ba wani asiri. Ƙarancin barci kuma yana ƙara wa mutum yunwa da kwaɗayin zaƙi washegari. Azumi ma haka muke yi masa: wata guda muna kame baki, amma buɗa-baki ƙosai, soyayyen dankali, doya da ƙwai, kunu da sukari, a zo Sallah wando ya ƙi shiga.

Na san abin da za a ce. Wai cin abinci mai kyau sai mai kuɗi. Wannan magana ba ta tsaya ba. Wake, alale, dafaffen ƙwai, awara, ƙuli-ƙuli, kifi, duk suna gina tsoka kuma suna riƙe ciki, kuma duk akwai su a kasuwar Bodija. Ewedun da wasunmu ke yi wa kallon baƙon abu, lalo ne fa, irin namu na gida. Gbegiri miyar wake ce. Ba wanda ya ce ka bar tuwo ko amala. Ka rage malmala uku zuwa biyu, ka ƙara miyar ganye, ka ce a rage mai, ka sha ruwa maimakon lemo. Wannan rage kashe kuɗi ne ma. Kuɗin robar shayin can zai saya maka ƙwai na kwanaki.

Wai kuma babu lokaci, babu kuɗin jim. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka kwana biyu. Minti 150 rabin awa ne sau biyar. Tafiya da sauri bayan sallar asuba ta biya. Ƙarfafa tsoka kuma ba ya buƙatar ƙarfe: tashi-zauna, kifewa ka ɗaga jiki da hannuwa, tsallen igiya, hawa bene da ƙafa. 'Yan uwa mata, na san ba kowace ce za ta sake ta shiga wurin da maza suka cika ba, kuma da gaskiyarku. Amma ɗaki ya ishi igiya da tabarma, kuma ku uku ko huɗu za ku iya zagaya makaranta da hijabinku ba wanda zai ce muku kanzil. Abin da nake roƙonku shi ne ku daina zama da yunwa saboda biki ya matso. Yunwa tana cin tsoka tare da kitse, tana kawo jiri a aji, kuma tana iya rikita al'ada.

Sai masu cewa ina toshe wa mutane hanyar abinci, tunda 'yan uwanmu ɗalibai ne ke sayarwa don su biya haya. Na san halin da ake ciki, ni ma ɗalibi ne. Amma sana'a ta cika gari. Ka sayar da turare, ka sayar da hula, ka sayar da data, wallahi zan saya. Abin da za a haɗiya a ciki, wanda kai kanka ba ka san me ke ciki ba, kar ka sayar wa wanda kuke sahu ɗaya a masallaci.

Maganar sikis-fak kuma, ƙannena, ku sassauta wa kanku. A wajen yawancin maza, layukan nan ba sa fitowa sosai sai kitsen jiki ya sauka wajen kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari, kuma zama a nan aiki ne na kullum. Hotunan da kuke gani a Instagram akwai haske, akwai matse ciki, wasu kuma akwai allura. Duk wanda ya nuna muku allurar ƙara tsoka a bayan jim, ku gudu. Tana taɓa hanta da zuciya, tana ƙanƙantar da 'ya'yan maraina, tana rage maniyyi. Kai da kake shirin aure bayan bautar ƙasa, ka yi wa kanka lissafi.

Su kuma yayyenmu masu shafa tumbi suna cewa rufin asiri ne, su ma ban bar su ba. Kitsen da ke taruwa a cikin ciki, kewaye da hanji da hanta, shi ne mai tafiya da ciwon suga da hawan jini. Mu duba gidajenmu. Mutum nawa ne a cikinmu ba su da uba ko gwaggo ko kawu da ke shan maganin ɗayan biyun nan kullum? Da yawa daga cikinsu a shekarun da muke yanzu abin ya fara ginuwa, ba su sani ba. Abin da ya sa na yi wannan dogon surutu ke nan, ba don hoto ba.

Ga gwaji, kyauta ne. Ka samu zare, ka auna tsawonka daga kai zuwa ƙafa, ka ninka shi biyu, ka zagaya cikinka da shi daidai saitin cibiya ko sama kaɗan, ba tare da ka matse ciki ba. Idan bakin zaren ya haɗu, madalla, ka riƙe haka. Idan bai haɗu ba, kugunka ya wuce rabin tsawonka, aiki ya same ka. Ka ajiye lemo, ka rage malmala, ka yi tafiya, ka yi barci, ka sake aunawa bayan wata ɗaya. Mai ciwon suga ko olsa ko mai juna biyu, a fara ganin likita a asibitin makaranta kafin a canja cima.

Wanda ya ga na yi kuskure, ya kawo hujja, zan saurara. Amma don Allah kar a kawo min hoton kafin da bayan. Allah Ya ba mu lafiya, Ya sa mu gama lafiya mu koma gida lafiya.