Jan kifi da darasin Kalala

Akwai wani ɗan kifi da ake ajewa cikin gida don ado. Da faransanci ana ce masa poisson rouge, watau jan kifi. Wasu kuma suna ce masa kifin zinariya. Mutanen ƙasar Sin ne suka fara kiwonsa, yau shekara dubu ke nan ko fiye. Daga can ya shiga Japan da Turai. Yanzu a manyan birane ana saida shi cikin ƴar kwalba.

Yaro ya sayi kifi, ya kai gida yana murna. Bayan sati biyu sai kifi ya daina cin abinci, ya naɗe fukafukansa, yana tasowa saman ruwa yana buɗe baki. Nan da nan sai a ce: a nemo magani! Wannan gaggawa kuskure ce. Galibi ruwan ne ya lalace kafin kifin ya kamu. Ruwan ya kamata a fara yi wa magani.

Wanda ya san Bilma zai gane wannan da sauri. Bilma tana ƙasar Kawar, gabas da Agadas, bayan rairayin Tenere. Ruwan saman da take samu a shekara bai kai milimita 20 ba, amma tana da idanun ruwa da gonakin dabino. Kusa da garin akwai Kalala, inda ake haƙa ramuka, ruwa mai gishiri ya tsattsafo ciki. Rana ta shanye ruwan, gishiri ya zauna. Shi ne ayarin raƙuma yake zuwa ɗauka kowace shekara.

To, kwalbar kifi ƙaramar Kalala ce. Kullum zafi yana rage ruwan, amma ba ya ɗauke abin da ke narke ciki. Kifi yana fitar da wata guba mai suna amoniya ta gefen kansa, wurin da yake numfashi. Kashinsa da sauran abincin da ya ruɓe suna ƙara ta. Ido ba ya ganinta. Ruwa yana iya zama garau alhali ya ɓaci. Yaro ya ga ruwa ya ragu, ya ɗebo sabo ya cika, yana tsammanin ya yi gyara. Bai yi ba. Dattin jiya yana nan, na yau ya hau bisansa, kamar yadda gishiri yake taruwa a ramin Kalala.

Saboda haka sai an kwashe tsohon ruwa kafin a zuba sabo. Kowane sati a ɗebe kashi ɗaya cikin huɗu. In kifi ba shi da lafiya, a yi haka kowace rana. Sabon ruwan ya kwana a bokiti kusa da kifin, don sanyinsu ya zama ɗaya. In na famfo ne, a bar shi buɗe kwana ɗaya ko biyu, warin kulorin ya fita. Tsohon ruwan kuma kada a zubar da shi a banza: gindin dabino ko fangalin albasa suna sonsa.

Wani yaron, don tsabta, yakan juye ruwan duka, ya wanke tsakuwa da sabulu. Wannan ma ɓarna ce. A jikin tsakuwar akwai ƙwayoyin halitta masu amfani, su ne suke cinye amoniya su maida ta abin da ba ya cuta sosai. Suna ɗaukar makonni kafin su yi yawa. Sabulu yana kashe su cikin minti ɗaya, yana kuma cutar kifin.

Sai maganar gishiri. Gaskiya ne gishiri yana taimako. Akwai wata cuta da ke sa fararen ɗigo a jikin kifi, kamar an barbaɗa masa gero. Wata ƴar halitta ce take shiga ƙarƙashin fatarsa. Muddin tana can, magani ba ya kai mata. Sai ta faɗo cikin ruwa ta hayayyafa, sannan gishiri yake kashe ƴaƴanta. Shi ya sa ake ci gaba da magani wasu kwanaki bayan ɗigon ya ɓace. Amma da awo ake yi: giram 1 zuwa 3 a kowace lita, a narkar da shi gefe, a zuba kaɗan-kaɗan. Kuma ba kowane gishiri ba. Kantu na dabbobi ne, haɗe yake da ƙasa. Kanwa kuwa ƙara wa amoniya dafi take yi. Farin gishiri mai tsabta, irin beza, shi ya dace. Jan kifi ɗan ruwan daɗi ne. In aka cika masa hannu, an yi masa kisa da sunan jinya.

Zafi shi ne ɗaya matsalar. A watan Mayu da Yuni zafin Bilma yakan wuce digiri 40, jan kifi kuwa ya fi jin daɗi wajen digiri 20. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar numfashi da yawa. Ƴar kwalba mai ƙaramin baki, a bakin taga, tukunya ce bisa murhu. Ya fi kyau a samu babban mazubi mai faɗin baki, a aje shi a inuwa, a ba kowane kifi lita 50 ko fiye. Abinci kuma daidai wanda zai cinye cikin minti biyu.

Wani zai ce wannan wahala ta yi yawa a kan kifin da bai kai yatsa ba. Ƙanƙantarsa ta ƙuruciya ce. In ya samu wuri yakan kai tsawon tafin hannun babba, ya yi shekara 10 ko 15. A Ingila an yi wani mai suna Tish da ya mutu a 1999 yana da shekara 43. A 2005 hukumar birnin Roma ta hana aje kifi cikin zagayayyar kwalba. Ajin da yake son kiwon jan kifi, kafin ya tara kuɗin saye, sai ya fara rubuta sunayen masu sauya ruwa a allo, har da na lokacin babban hutu.